Bille a Wane Kunci

Bakri ba ya iya zama wuri ɗaya. Shagonsa na gyaran waya a unguwar Harra ta Gabas, nan Madina, yana jikin nawa na ɗinki, kuma ta bango nake jin ƙafarsa tana bugun ƙasa tun safe. Ubansa mutumin Damagaram ne, ya yi aikin dabino a gonakin Al-Awali, ya rasu Bakri yana goye. Hotonsa guda da ake da shi ya ɓace a wani tashin gida. Haka yaron ya girma, har ya yi furfura a gemu, bai san fuskar ubansa ba.

Da aka fito da manhajar nan mai narka fuskoki biyu su zama ɗaya, sai abin ya shiga kansa. Ya haɗa hotonsa da na yayarsa Safiyyatu, ya ƙara na wani baffansu, ya ja hanci, ya faɗaɗa goshi, ya tsufar da mutumin ya sake mayar da shi saurayi. Wayoyin mutane suna jibge a teburinsa ba a taɓa ba. Na yi masa faɗa har na gaji. Na ce wanda Allah ya ɗauke ba a ƙera shi da yatsa. Ya ce, “Halas, ya isa haka, Baba tela, ka ji da allurarka.”

Duk fuskar da ya ƙera sai ya ruga gida ya nuna wa uwarsa Ƙaltume. Ta kai wayar kusa da ido, ta ce ba shi ba ne. Ya dawo ya sake. Wani lokacin ta ce kunnen ya yi girma, washegari ta ce wannan kunnen ya yi ƙanƙanta. Ni abin ya fara ba ni haushi, na ɗauka tsohuwar wahalar da shi take yi.

Ranar wata Juma'a na bi shi gidan don in gaishe ta. Ya miƙa mata sabon hoto. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Ai Malam yana da bille. Ku 'yan Madina ba a yi muku zane ba, ina injin zai samo shi a fuskarku?”

 Nan take Bakri ya buɗe wurin zane a wayar, ya ɗora yatsa. “A wane kunci, ya Ummi? Dama ko hagu?”

Ta ɗaga hannu ta taɓa kuncinta na dama. Ta mayar na hagu. Ta sake komawa. Hannun ya tsaya a tsakani, sai ga hawaye. A nan na gane fuskar ta daɗe da kuɓuce mata, kunya ce ta hana ta faɗa wa ɗanta. Tausayinsu ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Bakri ya dube ta. Ya ja layi a kuncin dama, ya ce, “Na tuna, Safiyyatu ta ce a dama ne.”

Safiyyatu ba ta taɓa faɗin haka ba, kuma uwar ta sani. Ta karɓi wayar ta rungume a ƙirji.

“Shi ne,” in ji ta.