Albasar da Malam Garba Ya Kai Aji

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena, Malam Garba, wanda ya koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a ƙasar Shagari. Ni a firamare na tsaya, na kama noman albasa a Bodinga.

Garba ba ya ba ɗalibai amsa. In albasata ta fara ruɓewa a rumfar ajiya, sai ya zo ya cika buhu da ruɓaɓɓun, ya ɗaure a bayan babur. A aji ya zube su a tebur, ya ce su gano dalili. Su yanka, su sunsuna, su yi ta gardama, wasu su ajiye tasu a ƙasa, wasu su rataye. Mako kan ƙare allo babu rubutu.

Iyaye suka yi ƙorafi, ni ma na bi sahunsu. Na ce, "Garba, an ɗauke ka ka faɗa musu, kai kuma kana tambayarsu."

Ya yi dariya. "Yaya, zo ka zauna ajin ko sau guda. Ka fi ni sanin albasa, bari su tambaye ka."

Kunyar rashin Turanci ta hana ni. Kullum sai in ce sai bayan girbi, har Allah ya karɓi abinsa.

Yau jikokina waya suke tambaya, ta amsa kafin su rufe baki. Da Garba na raye, ba na jin zai ƙi ta. Cewa zai yi su tafi gona su gwada ko gaskiya ta faɗa.

Bana na shiga mota na je makarantar don in zauna ajin da ya gayyace ni. Malamin da na tarar bai san sunan Garba ba. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce jarrabawa ta matso, babu lokacin baƙo.

A hanyar dawowa na tsaya Kajiji. Wani magidanci, tsohon ɗalibin Garba, ya gane ni saboda kamar da muke yi, ya ja ni ya nuna mini rumfarsa. Ya ɗaga ta daga ƙasa, iska na ratsa ta ko'ina, albasa tsaf.

"Baba, mu munka gano wanga a ajin Malam. Shi bai hwaɗa muna ba."

Na yi murna ƙwarai. Na iso gida da labarin a bakina, na zauna ƙofar gida har aka kira magariba. Mutum guda ne zai gane daɗinsa, shi kuwa sai dai addu'a. Allah ya jiƙan Garba.