Baffana Ne Ya Hana Ni Karatun Kifi

Ƙanin mahaifina ne ya cuce ni. Bai ci mini gado ba, bai taɓa ɗaga hannu ya mare ni ba, amma shi ya raba ni da jami'a, kuma da dariya ya yi hakan. Ba zan faɗi sunansa ba, balle na ƙauyenmu. Ya isa in ce muna cikin fadamun Guri. Yau furfura ta fara cin gemuna, ina noman shinkafa, ina kai bandar kifi kasuwar Haɗeja. Amma a wancan lokacin saurayi ne ni da ya gama sakandare a ɓangaren kimiyya, kuma ba yabon kai ba, ba wanda ke shan gabana a bayoloji a ajinmu.

Shekarar da mahaifina ya rasu sakamakonmu ya fito. Likitanci na nema kamar kowa, don mu a lokacin ba mu san kimiyya tana da wata ƙofa ba bayan ta asibiti. Makina bai kai ba, sai jami'a ta ba ni gurbi a sashen kiwon kifi da albarkatun ruwa. Malaminmu na bayoloji ya ce in riƙe da hannu bibbiyu. Ya ce masu wannan karatun suna aiki a hukumomin ruwa, suna koyarwa, suna binciken cututtukan kifi, wasu kuma su buɗe gonar kansu su ɗauki mutane aiki. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Mahaifiyata tana cikin takaba, don haka magana ta koma hannun Baffa. Na same shi a zaure bayan la'asar, da mutane. Da na faɗa masa sai ya sa na maimaita, sannan ya tuntsire da dariya har da dukan cinya. Ya ce wai yaron da aka yanke wa cibi hayaƙin banda na shiga ɗakin uwarsa, shi ne zai tafi birni ɗan boko ya nuna masa tarwaɗa? Ya ce in dai kifi ne, ga gora can ga koma a rataye, in ɗauka in faɗa ruwa, shi da kansa zai ba ni digirin. Wani daga gefe ya ce alhamdu lillahi, gari ya samu likitan tarwaɗa, duk wadda ta yi mura sai a kawo ta. Kafin magariba sunan ya zaga gari, har 'yan mata a bakin rijiya suna tambayata ko na fara duba marasa lafiya.

Washegari ya kira ni ni kaɗai, ya sauke murya. Ya ce mini ɗana, wai haƙuri zan yi shekara ɗaya in sake jarrabawa in samu likitanci, wai abin da marigayi yake fata ke nan. Maraya da uwarsa ke takaba ba ya musu da ƙanin uba, balle an sako sunan mamaci. Na ce to.

Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne, a shekarar kacala ta toshe hanyar da ke kawo ruwa fadamarmu. Wanda bai san kacala ba, wata doguwar ciyawa ce da ke cinye kogi, ta fi mutum tsawo. Bulama ya yanke cewa kowane gida zai ba da namiji ɗaya a gayyar sara, gidan da bai bayar ba kuwa ba za a sakar masa ruwa ba. 'Ya'yan Baffa ƙanana ne, shi kuma bayansa ya daɗe da lalacewa. Ni ne namijin gidan. Ba kifin ne ya ba shi dariya ba, hannuna yake bukata.

Haka na shiga ruwa iya ƙirji da lauje. Ganyen ya yayyanka mini hannu, matsattsaku suna shan ƙafata, mu sare nan, kafin mu kai can ta sake tohowa a bayanmu. Da shinkafa ta fara nuna sai tsuntsayen jan-baki suka sauko, don a cikin kacalar suke kwana, na koma ihu da kaɗa gwangwani tun asuba. In na buɗe littafi harafin rawa yake mini. Na sake jarrabawa, makin ya fi na farko lalacewa. Shekara ta gaba ambaliya ta kwashe mana komai, ba wanda ya ƙara tayar da maganar makaranta. Gurbina ya bi ruwa. Aka yi mini aure, shi ke nan.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce ƙaddara ce na yi shiru. Amma ɗan Baffa, wanda nake saɓawa a kafaɗa in tsallakar da shi ruwa zuwa firamare, ya girma ya nemi likitanci bai samu ba, aka ba shi wannan karatun dai da aka ba ni. Baffa bai yi dariya ba. Bijimi ya sayar ya raka shi tasha. Yanzu yaron yana aiki da wata hukuma da ke kula da kogi. Rannan ya zo da mota ya tara mu yana koya mana kiwon tarwaɗa a kududdufin siminti. Ina zaune a tabarma cikin manoma, yana bayanin iskar da kifi ke shaƙa a ruwa, kalmomin suna zo mini kamar muryar 'yan'uwa daga tsallaken kogi, ina ji ba na iya amsawa. Baffa kuwa yana kan kujera a gaba, yana faɗa wa kowa ɗansa masanin kifi ne. Wallahi ba na jin haushin yaron, yana girmama ni, Yaya yake ce mini.

Ku iyaye da masu riƙon marayu, ku ji tsoron Allah. Kimiyya ba likitanci kaɗai ba ce. In an ba yaro karatun ƙasa ko na ruwa ko na tsirrai, kada ku auna shi da abin da kuka sani a gona. Ku kuma samari, in babba ya ce ku jira baɗi, ku tambayi kanku wa zai ci moriyar jiran. Ni ban tambaya ba.

Bara ɗan ya biya wa Baffa kujerar Makka. Kamar yadda aka saba, Baffa ya bi gida-gida yana neman yafiya. Ya iso ƙofata ina juya kifi a kan banda, ya ce ɗana, a yafi juna, tafiya ta zo. Na ce Baffa, me zan yafe? Ya ce ai zaman tare ba a rasa saɓani. Na ce ya ambaci laifin da sunansa. Ya tsaya yana kallon sandarsa, ya ce komai rabo ne. Na ce masa na yafe dariyar, na yafe sunan da aka liƙa mini, na yafe jinin da na zubar a kacala don gonarsa ta sha ruwa. Amma karatun, na ce, ko ina so ba zan iya yafewa ba, don ba a yafe abin da ba a san girmansa ba, ni kuwa har in mutu ba zan san me zan zama da na yi shi ba. Na ce ya tafi, Allah ya kai shi lafiya, in ya isa ya tambayi Wanda ya sani.