Ƙeyata a faifai na tara

Jama'a, bakina ya ja mini. Shekara da shekaru ina cika wa yarana baki cewa na taɓa fitowa a wani tsohon wasan talabijin, tun ina saurayi a Ƙofar Ran.

Kwatsam kamfani ya sake fitar da wasan a faifai. Na ce mai shago ya ba ni ɗaya, ya ce ba a rabawa, faifai sha biyu ne a kwali guda. Ni kuma na manta a wanne nake. Haka na zube masa kuɗin ɗinkin Sallah da maman yara ta ba ni in kai wa tela.

Kwana huɗu muna kallo. A faifai na tara na daka tsalle: "Ga ni nan!"

Auta Hauwa ta matso. "Baba, ai ƙeya ce kawai."

Mamanta ta ce, "Tasa ce. Ita na fi sani lokacin da yake gudun babana. Malam, ina ɗinkina?"

Atamfa dai tana wajen tela, ko almakashi ba ta gani ba. Don Allah, wa zai sayi faifai sha ɗaya? Na taran kam ba na sayarwa ba ne.