Kwano Uku a Kan Gawo Guda

Taubashina Is'haƙa tun muna yara bai yarda da abu guda ba. Ko alwala sai ya tanadi buta biyu, wai kada ɗaya ta ci amanarsa.

Da ya gaji gonar ubansa ta Gangara, ko kunya ɗaya bai noma ba ya sayar, ya buɗe shagon raba intanet a kasuwar Sabon Birni. Masu na'urar cire kuɗi da fatake masu kai kaya Nijar suka zo masa da sharaɗi: layi ya ɗauke sau ɗaya ranar kasuwa, su koma wajen Abdulgani, kishiyarsa a sana'ar.

Sai gogan ya jawo layi uku. Ɗaya daga turken sabis na garin Isa, ɗaya daga tsallaken iyakar Nijar, na uku daga wani kamfani can Sakkwato, kowane da kwanonsa na kamo sabis.

"In guda ya mutu, guda shi ɗauka," in ji shi. Ya faɗa a masallaci, ya faɗa wajen zaman makoki, na rantse har akuyarsu ta haddace.

Kwano sai da tsawo, turken ƙarfe kuma tsada. Sai ya ɗaure duka ukun a reshe ɗaya na gawon bayan kasuwa. Gawon nan kuwa Maliki makiyayi ke sassabe wa shanunsa duk rani, tun kakansa. Bawan Allah har shago ya zo.

"Injiniya, ciyawa ta ƙare. Jibi za ni hau icce. Ka sauke kwanoninka."

"Kai Ardo, mi saniya ta sani da intanet? Layi uku gare ni!"

Jibin ranar kasuwa ce. Da hantsi, mutane cike da rumfuna, Maliki ya hau da gatarinsa. Sara bakwai, Isa da Nijar da Sakkwato suka faɗo tare a kan kashin shanu. Is'haƙa ya fito da gudu ba hula yana ta danna waya, kamar mai tada gawa. Kafin azahar Abdulgani har aron benci yake yi.

Ba wanda ya dawo, ko ɗaya. Shagon yanzu mai gyaran babur ke ciki. Bilki matar Is'haƙa ta miƙe kwanon Nijar da taɓarya, tana shanya kuɓewa a kai. Duk na je gaishe su nakan tambaye ta, a gabansa, ko miyar yau tana kamawa da kyau.