Yatsa Uku Tsakanin Ƙarfe da Kwalta

Duk wanda ya taɓa kai babur garejin da ke bayan gidan mai, kusa da rumfar mai faci, ya san Mai Alli. Dattijo ne dogo, ɗan siriri, kullum da guntun alli a bayan kunne. Ba ya hira, ba ya kunna rediyo. Ko fulogi kawai ka zo canzawa, sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin babur ɗin tukuna, ya goga alli a gindin salansa da ƙarfen da ke riƙe matakin ƙafa, sannan ya ce ka je ka zagayo shataletale ka dawo. In allin ya goge, to ka shiga uku, don babur ɗin ba zai fita ba sai ya ɗaga shi. Samarin da ke son a zaunar musu da babur ƙasa don gayu tuni suka daina zuwa, suna cewa tsohon ya ɗan taɓu. Lafiyarsa ƙalau. Wata ƙara ce yake ji, wadda sauran mutane ba sa ji.

Yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ana ce masa Guntu. Sunan bai yi ƙarya ba. Shi ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa riƙon sifana, kuma har Guntu ya yi aure ya haihu bai taɓa zama a kujera ba in yayansa na tsaye.

Guntu, da ƙanƙantarsa da komai, babu abin da ya ga dama ya saya sai ƙaton babur, irin dogon nan mai nauyi da faffaɗar kujera, wanda mahayi ke miƙe ƙafafu gaba kamar yana falonsa. In ya tsaya a danja sai ya karkace gefe guda ya dogara da kan babban yatsa, direbobi na leƙowa suna dariya. Ya jure wata guda, sannan ya zo.

"Yaya, ka rufa mini asiri. Ƙafata ba ta kai ƙasa."

A lokacin ba a fara kiransa Mai Alli ba, kuma hannunsa na tashe, shi ma ya san da haka. Ya cire dogayen shokazoban baya ya sa gajeru, ya sassauta maƙallan gaba ya sauke kan babur ɗin. Babur ya zauna ƙasa da yatsa uku. Guntu ya hau ya dasa tafin ƙafarsa biyu a ƙasa, baki har kunne. Makanikan layin suka taru suna yaba aikin, kan yayan ya ƙara girma.

Bayan mako guda Guntu ya dawo. Ya tarar da yayansa da inji a buɗe, mutum uku na jira. Ya tsuguna gefe ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, in na kwanta a kwana akwai abin da ke gogar kwalta. Sai ka ji ƙiii, har da tartsatsi."

A gaban mutane ya faɗa, kuma wannan ne ya ɓata wa yayan rai. Bai ko ɗago ba ya ce, "Kai dai ka cika ƙorafi. Aikin nawa kake rainawa?"

"Wane ni, Yaya. Yi haƙuri."

Guntu bai sake ɗaga maganar ba. Yana zuwa garejin kusan kullum, ya shawo kwanar layin a hankali, a gaisa, ya wuce. A rana ta goma sha biyu, da hantsi, a kwanar da ke gangarowa daga gada, tayar baya ta tashi daga ƙasa, babur ya watsar da shi jikin ƙarfen gefen titi. Nan take ya cika. Mutane suka ce gudu ne. Yayan ya yi shiru ya bar su a haka, har matar Guntu, har tsohuwarsu.

Tun daga ranar ƙarar ta tare a kunnensa. In maƙwabci ya ja ƙofar shago, ita ce. In mai walda ya ɗora dutsen guga a kan ƙarfe, ita ce. Matarsa ta daina kankare tukunya in yana gida, kuma ba ta taɓa tambayarsa dalili ba. Wani lokaci yana cikin sujada, gari tsit, sai ya ji ta tafe daga nesa, ƙiii, ya rasa raka'a ta nawa yake. Ya ɗauki alli, ya zama mutumin da aka sani yanzu. Shi kuwa babur ɗin, da aka kawo shi a bayan akori-kura, ya tura shi ɗakin ajiya ya lulluɓe da tamfal. Mutumin da ya leƙa ƙarƙashin kowane babur a garin bai taɓa leƙa ƙarƙashin wannan ba, shekara ashirin da biyu.

Wata Asabar da safe ɗan Guntu ya shigo garejin. Yana da shekara biyu aka yi rasuwar, yanzu ga shi magidanci, yana aiki a ɗakin magani na asibiti. Tsayin uban, tafiyar uban, har yadda yake tsugunawa gefe kafin ya yi magana.

"Baba, maganar babur ɗin mahaifina ce ta kawo ni. Ina so a tashe shi in riƙa hawa. Umma ta ce tsayinmu ɗaya, saboda haka a bar shi yadda yake, kada a canza komai."

Mai Alli ya dubi ƙofar ɗakin ajiya. Hanawa ba za ta yi ba, don gadonsa ne, kuma in ya kai shi wani gareji za su zuba mai ne su sa batir su miƙa masa makulli. Ya ce, "Ka ba ni mako biyu. Amma yadda na ga dama zan yi shi."

Ya yi aikin shi kaɗai, bai bar kowa ya sa hannu ba. Ya samo dogayen shokazoba masu taurin sifirin, ya ɗaure su daidai nauyin mai hawan. Ya mayar da kan babur ɗin inda kamfani ya ajiye shi, ya zuba mai mai kauri a ƙafafun gaba don kada su nutse in an kama birki. Babur ya koma sama da yatsa ukunsa. Sannan ya ɓalle fatar kujera, ya sa wuƙa ya rage soson, ya fefe gefe da gefe yadda cinya za ta sauka kai tsaye. Aikin kujerar bai ci masa wuni ɗaya ba. Da ya gama ya zauna ya yi ta kallon ɓarɓashin soson, baƙin ciki ya cika shi, don ko a wancan lokacin ya iya wannan.

Duk kwanakin nan daga ɓangaren hagu yake aiki, ko daga sama. Ɓangaren dama, wanda ya sha ƙasa, sai dai ya miƙa hannu yana kallon bango. Amma ranar da ɗan Guntu ya zo karɓa, dole a goga alli. Ya zaro shi daga bayan kunne ya durƙusa.

A jikin ƙarfen da ke ƙarƙashin matakin ƙafa akwai guntun tsohuwar taya, an naɗe shi tsaf an ɗaure da waya. Murɗi uku, a lanƙwasa bakin ciki don kada ya yanki hannu: ɗaurin da shi da kansa ya koya wa Guntu. Gefe ɗaya na robar ya yage, tsakuwar titi har yanzu tana maƙale a ciki.

Bai buƙaci kowa ya yi masa bayani ba. Ƙarfe in ya taɓa kwalta yana zamewa, ya yi ihu, mahayi ya ji ya ɗago. Roba ba ta zamewa, cafkewa take yi. Guntu ya toshe bakin ƙarar ne don kada yayansa ya ji ta in ya shawo kwanar layin, ya zaci ana yi masa gori.

"Baba, lafiya?" in ji ɗan Guntu.

Mai Alli ya kwance wayar, ya ɗora robar a tafin hannunsa, ya faɗa masa komai yana durƙushe: yatsa ukun, mutum ukun da ke jira, da maganar da ya yi bai ɗago ba. Ya ce, "Ba gudu ba ne. Ni ne."

Ɗan Guntu ya dubi robar. Idanunsa suka kaɗa. Can ya ce, "Goga allin, Baba."

Ya goga. Ɗan Guntu ya hau, ƙafafunsa biyu suka kai ƙasa, ya je ya zagayo shataletale sau uku ya dawo. Allin na nan fari fat.

"In ka ji wata ƙara, ko yaya take, ka dawo ka faɗa mini," in ji Mai Alli. "In na yi maka tsawa, ka sake faɗa. In na kore ka, ka tsaya a bakin ƙofa ka ɗaga murya."

"To, Baba."

Ya ja babur ɗin ya nufi bakin layi, ya kwanta a kwanar ya ɓace, ba abin da ya taɓa kwalta. Mai Alli ya tsaya da robar a hannu yana kasa kunne. Shekara ashirin da biyu yana jin ƙarar faɗuwar ƙaninsa, ashe ranar ma, da robar nan a ɗaure, haka kwanar gadar ta yi shiru. Mai faci ya yi masa magana har sau biyu, bai juyo ba.