Rawanin Yaya a Cikin Bafil

Kowa da abin da ke ɗauke masa hankali. Wasu tattabaru, wasu dara a gindin bedi. Ni kuwa akwatin lasifika ne, wanda mu nan Tanut muke ce wa bafil. Ba sana'ata ba ce, ni mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, kuma ban taɓa sayar da ko guda ba. In na taso daga aji sai in shige rumfar bayan ɗakina da zarto da ƙusa da kol na liƙi, in yi ta aune-aune. Ita lasifikar tsinto ta nake wajen masu gyaran rediyo, ko direbobin Damagaram su taho mini da ita. Akwatin shi ne aikina. In ya yi ƙanƙanta murya ta shaƙe, in ya cika girma ta yi ta yawo kamar a cikin tulu, in kuwa ka bar ƴar kafa sai iska ta riƙa yi maka fito.

Ciki ma dole a yi masa shimfiɗa mai laushi, in ba haka ba katakon ya riƙa amsa kuwwa. Soso wuya gare shi a garinmu, sai na gano gashin raƙumi. Ranar kasuwa Buzaye na ba ni shi suna dariya. In naɗe shi cikin tsumma, in ɗaɗɗaure da zare ƙulli-ƙulli don kada ya zubo kan lasifika, in kafe shi da ƙananan ƙusoshi a jikin katako, sannan in rufe baya in liƙe ruf. Rami ɗaya kawai nake bari a gaba, da guntun tiyo a ciki, ta nan babbar muryar ke numfashi.

Gida ɗaya muke da yayana, dillalin dabbobi, mutum mai faɗa amma mai zumunci. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya tsaya mini har na gama karatu. Muna da gonar gado a Gangara da ba a raba ba. Mu dai ba mu taɓa ɗaga murya a kanta ba, amma dangi tuni sun gama yanke cewa wata rana sai mun yi.

Da na tashi haɗa babban bafil ɗina, wanda na fi ji da shi, tsumma ya ƙare mini. Na leƙa sashen Yaya na ce wa matarsa in akwai tsofaffin kayan da aka daina sawa ta tara mini. Ta aiko da ƙunshi. Cikinsa har da wani tsohon rawanin Yaya da ya koɗe ya huhhuje. Na ji daɗinsa ƙwarai, don dogo ne, ga laushi. Na yayyaga shi na naɗe gashin. Wallahi ko a raina ban kawo komai ba, murya kawai nake tunani. Kuma muryar ta fito! In na saka kiɗan gurmi, kwanonin matata sai sun yi rawa a kan kanta.

Ƙarshen daminar nan Yaya ya kwanta. Masassara ta kama shi, ta sake shi, ta dawo, ƙafafunsa suka mutu kamar ba nasa ba. Ni na ɗauke shi a bayan babur zuwa likita, aka ba shi magani aka ce sai an yi haƙuri, zai ɗauki lokaci. Sai ga gwaggonmu ta zo jinya daga Belbeji, ita da buhun kayanta da bakinta.

Abin da na fara lura da shi kwano ne. Kullum matata na aika wa Yaya tuwo, kwano ya dawo a wanke. Ran nan ya dawo da tuwonsa, ko miyar ba a taɓa ba. Aka ce bakinsa ne ba daɗi. To, na yarda. Washegari na shiga gaishe shi, ina yin sallama hira ta mutu. Gwaggo ta gyara zama ta shiga tsakanina da shimfiɗarsa, matar Yaya kuwa ta tsura wa tabarma ido. Da na miƙa hannu zan gyara masa matashi, Gwaggo ta ce, «Bari, bari, ɗana, kada ka wahala.» Yaushe Gwaggo ta fara jin tausayin wahalata?

Daga nan ni ma na fara sa ido. Na tarar an gusar da babban bafil daga inda nake ajiye shi, ga sawun takalmin mace a rumfa, ba kuwa na matata ba. Na ga an tura wani abu cikin ramin gaban, don bakin tiyon ya goce. Na tambayi matata, ta rantse ba ta ga kowa ba, sai na kama kaina ina kallonta ita ma da wani ido. Mai shagon bakin titi ya amsa gaisuwata a gajarce, na ce shi ma ya ji wani abu. Me ya ji? Ban sani ba, kuma rashin sanin ya fi komai cin raina.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Gwaggo ta aiko kirana, ta ce in taho da babban akwatin. Na turo shi a baro har tsakar gida. An fito da Yaya an jingina shi da bango, ya rame sai idanu.

Gwaggo ta ɗaga wani ɗan ƙyalle da ta zaƙulo da tsinke ta ramin. Ta ce, «Ɗana, wannan na wane ne?»

Na ce, «Rawanin Yaya ne, Gwaggo. Tsohon da aka yar. Ga wadda ta ba ni nan zaune.»

Matar Yaya ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, «Ni dai tsummoki na tara. Ban tuna da rawani ba.»

Kai! Ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce to a buɗe, kowa ya gani da idonsa, ai ba abin ɓoyo. Ni da hannuna na sa guduma na ɓalle bayan da na sha wahalar liƙewa. Wautata ke nan, na ɗauka buɗewa za ta wanke ni.

Sai da katakon ya faɗi na ga abin da idonsu ke gani. Rawanin mutum an yayyaga, an cusa gashi a ciki, an ƙuƙƙulle da zare, an kafe da ƙusa, an rufe cikin akwatin da ba ƙofa, akwatin kuma yana nishi har ƙasa na girgiza. Ko ni aka nuna wa wannan a ɗakin wani, sammu zan ce. Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati. Na shiga bayani, amsa kuwwa, laushi, iska, tiyo, ina jin muryata tana ƙara zama ta marar gaskiya. Na ce su zo a fasa sauran bafil ɗin, duk haka cikinsu yake. Gwaggo ta ce, «Su kuma na su wa ke ciki?»

Aka kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya, aka zare ƙusoshin, aka kai gashin da rawanin bayan gida aka cinna musu wuta. Akwatin ma bai tsira ba. Lasifikar kaɗai na ɗauka na koma sashena, raina a ɓace, ina cewa a zuci gaskiya za ta yi halinta.

Ni na san maganin likita ya kusa cin ƙarfin ciwon, don tun kafin ranar zazzaɓin ya fara sauka. Amma wa zai saurare ni? Makon bai zagayo ba Yaya ya miƙe da sanda, ya taka har ƙofar gida. Allah ya sani na yi murna, na kuma ji tsoro, don kowane taku da ya yi shaida ce a kaina. Gwaggo ta koma Belbeji da labarinta, ta raba wa dangi kowa da rabonsa.

Ina zaune a rumfa wata la'asar, ban taɓa zarto ba tun ranar, sai ga Yaya ya dogaro sanda ya shigo. Na tashi na ba shi kujera. Ya daɗe yana kallon ƙananan akwatunan da suka rage. Na ce a raina yau zai ce mini ya san ƙarya ce, mu yi dariyar Gwaggo tare kamar da.

Ya ce, «Gonar Gangara, in kana so, ka riƙe ta duka. Ba sai an kai ga haka ba.»

Na ce, «Yaya, wallahi tallahi...»

Ya ɗaga mini hannu, a hankali, ba faɗa. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, «Kada ka rantse, ƙanena. Ni na riƙe ka. Na yafe maka duniya da lahira.»

Ya dafa kafaɗata ya miƙe ya fita. Har yau muna gida ɗaya, muna gaisawa kowace safiya, kuma bai sake cin tuwon sashena ba.