Ƙofar da Tamo Ta Tsare

A ƙauyenmu, arewa da Filinge, akwai wani tsohon gidan ƙasa da ake kira Gidan Mayaƙi. Muna yara rabinsa ya zube, awaki suka gaje sauran. Bukkar kakarmu, wadda muke kira Iya, tana kallonsa. Lokacin ɗari, in an gama cin tuwo, takan hura wuta da karan hatsi, mu kewaye ta muna gasa tafin ƙafa, ta ba mu labarin kura da zomo kamar kowace kaka. Amma ranar da waninmu ya faɗa mata ɗaki babu sallama, to labarin Tamo za a sha.

"Ku matso, marasa kunya," in ji ta. "Wanga labari babu zomo ciki. Tamo kakata ce, kuma gidan ga shi can."

A zamanin hari aka gina ɗakin can ƙurya da ƙofa iya ƙugun mutum, da gangan. Duk mai shiga sai ya duƙa, kai da wuya su riga jiki. Dokar gidan kuwa, ɗan gida yakan kira sunansa daga waje kafin ya duƙa.

Wata safiya da kaka, maza suna gona wajen ɗaurin damma, mahara suka sauko bisa raƙuma neman bayi. Tamo ta kora yaran gidan cikin ɗakin, har da ɗiyarta ta goye, ta laɓe gefen ƙofa da gatarin faskare. Kai na farko ya shigo da rawaninsa. Ta sare shi a ƙeya, ta ja gawar ciki. Na biyu ya ga abokinsa ya shige bai fito ba, ya zaci ganima ce ta riƙe shi, ya bi shi neman rabonsa. Ya samu. Jini ya malale daɓe har ƙarƙashin yaran, babban cikinsu yana toshe wa ƙanana baki.

"Iya, ba ta ji tsoro ba?" in ji ƙanwata.

"Ke, hitsari ta yi tsaye. Amma ba ta saki gatarin ba."

Can sai waje ya yi tsit. Maza sun dawo sun kori maharan, ita ba ta sani ba. Ƙanenta Arzika ya rugo duba yaran, alhali mashi ya tsage masa muƙamuƙi, bakinsa cike da jini, suna ba ya fita. Ya duƙa. Sai da gatari ya sauka ta ga tsagen gidansu a kuncinsa.

Nan Iya takan tura kara cikin wuta. "Yara sunka tsira, ko guda ba a ɗauka ba. To gobe wani shi sake shigo mini ɗaki kamar jaki."

Bayan na girma ina koyarwa a lakwal a Yamai, wani furoje na adana kayan tarihi ya gyara gidan. An yi sabon yaɓe, an jera azara, an yashe rijiya, an shuka bedi a farfajiya, awaki kuma aka sallame su ba sanarwa. Na je gani da hutu. Ƙofar nan an ɗaga ta, don baƙi suna buga goshi. Mai zagayawa da mu ya yi mini bayani da Faransanci mai tsabta cewa mutanen zamanin da gajeru ne. Ban gyara masa ba, jan birona na gyaran aikin ɗalibai yana Yamai.

Na daɗe ina zaton darasin sallama ne kawai. Amma Arzika ya san doka, murya ce ya rasa, Tamo kuma ba ta yi kuskuren da za a ce ta gyara ba. Dangi sun so rushe ɗakin, ta hana, ta zauna ciki har tsufanta, kullum tana duƙawa ta inda ya duƙa. Ni na shiga a miƙe, na tsaya inda ta tsaya. Daga nan yanzu ana ganin fuskar mai zuwa tun daga bakin rijiya. Da haka ƙofar take a ranar, da Arzika ya rayu, da kuma an ɗaure yaran a bayan raƙumi, har da jaririyar da ta haifi Iya.